Kafin a Zana Dodo, a Ƙirga Rijiyoyi

A cikin littafin A Game of Thrones na George R. R. Martin, wanda ya fito a 1996, akwai wata al'umma ta mahaya dawaki da ake kira Dothraki. Shugabansu, Khal Drogo, yana da mayaƙa 40,000, ban da mata da yara da bayi. Ba sa noma, ba sa kiwon tumaki, hasali ma raina masu kiwonsu suke yi. Naman doki suke ci, nonon goɗiya suke sha. Wanda ya tashi a birni yana iya karanta wannan ya wuce abinsa. Amma a karanta wa Bafulatanin da ya taɓa raka shanu mashekari, tambayarsa ta farko ita ce: ina wannan taro yake shan ruwa?

Lissafin ba shi da wuya. Mayaƙin Mongol, waɗanda Martin ya ce suna cikin mutanen da ya kwaikwaya, ba ya fita da doki ɗaya, yana jan wasu na canji. Mu ƙaddara biyar-biyar. Dawaki 200,000 ke nan, kowanne yana neman ruwa wajen lita 30 a yini, wato lita miliyan 6 kullum tun kafin mutum ɗaya ya kurkure baki. Goɗiya kuma wata 11 take ɗauke da ciki ta haifi ɗa guda, tunkiya kuwa wata 5. Shi ya sa Mongol na gaske tumaki ne abincinsu, doki na hawa ne da tatsa. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Bret Devereaux, ya yi dogon sharhi kan wannan a ƙarshen 2020, ya nuna cewa an ɗauko wa Dothraki siffar makiyaya an bar tattalin arzikinsu a baya.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne wani nau'in ƙagaggen labari da ya bunƙasa a littattafai da fina-finai da wasannin kwamfuta: duniya ta lalace, birane sun zama kufai, sihiri ya koma annoba, dodanni sun mallake dare, 'yan tsirarun da suka tsira suna yawo ba mazauni. Marubutanmu na littattafan yaƙi, jikokin Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, su ma sun daɗe suna tura jarumansu irin wannan daji. A ganina mai karatu zai yarda da aljani mai kai bakwai ba tare da gardama ba, amma ba zai yafe ayarin da ya yi kwana arba'in bai ga rijiya ba. Marubuci Tolkien ya taɓo batun a laccar da ya gabatar a Jami'ar St Andrews a 1939, inda ya nuna cewa kowa na iya furta cewa rana kore ce, aikin yana wajen gina duniyar da za a gaskata hakan a cikinta.

Tun farko dole marubuci ya yanke hukunci: mutanensa 'yan gudun hijira ne ko makiyaya? Ana yawan haɗa su, alhali tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Ɗan gudun hijira miƙaƙƙiyar hanya yake bi, daga inda ya ƙone zuwa inda yake fata, yana cin abin da ya ɗauko ko ya tsinta. Haka uba da ɗansa suke a The Road na Cormac McCarthy, na 2006: suna tura keken kanti zuwa kudu, suna tonon abincin gwangwani a gidajen matattu, ƙasa ba ta tsirar da komai. McCarthy ya san cewa wannan rayuwa ƙirgen kwanaki ce, kuma daga nan tsoron littafin yake fitowa. Kuskuren masu kwaikwayonsa shi ne su miƙa wannan hali har shekara ɗari. Gwangwani yana ƙarewa, fetur yana lalacewa a ajiye. Jikokin waɗanda suka tsira, ko dai sun koyi kiwo, ko farauta, ko fatauci, ko kuma babu su.

Makiyayi kuwa zagaye yake yi, kuma zagayen yana da kalanda. Da rani Fulani suna gangarawa kudu neman ruwa da ɗanyar ciyawa, da damina su koma arewa, suna guje wa tsando da gonakin da aka shuka. A Nijar, ƙarshen damina ake haɗuwa a wajen Ingal don dabbobi su lashi gishirin ƙasa. Tazarar da ke tsakanin mashaya biyu, da irin dabbar da ake kora, su ne ke zana taswirar. Saniya da rani ba ta wuce kwana biyu ko uku ba ruwa. Raƙumi yana jure fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa mai raƙumi yake shiga inda mai shanu ba ya kusanta. Dubi ayarin gishirin Buzaye da ke ƙetare Tenere zuwa Fachi da Bilma: tun daga Ayar suke ɗaure damman ciyawa su ɗora wa raƙuma, suna ajiye wasu a hanya saboda dawowa, domin a can babu abin da dabba za ta kiwata. Wani kaso na kayan ayari abincin masu ɗaukar kayan ne. Marubucin da ya san wannan ƙa'ida ɗaya ya samu rigima kyauta: a dawo zango a tarar wani ya riga ya kwashe ciyawar.

A nan ne dodo ya kamata ya shigo, kuma a nan yawancin labaran suke rauni. Ana kawo shi ya yi ruri a babi na bakwai, jarumi ya sare shi, a ci gaba da tafiya kamar ba a yi ba. Dodon da ya zauna da gindinsa a labari aikin tsando yake yi: shi ke hana a bi wani kwari, shi ke sa a tashi a wani wata, shi ke tsara yadda ake kafa bukka da inda ake kwantar da yara. Frank Herbert ya fi kowa iya wannan a Dune, na 1965, duk da cewa littafinsa ya fi karkata ga ƙagen kimiyya. Ƙaton macijin rairayin duniyar Arrakis yana jin duk wani motsi mai tsari, saboda haka mutanen Fremen suka koyi tafiya a hargitse, taku ba ya bin taku. Ƙarancin ruwa ya ba su rigar da ke tace gumin jiki a sake sha, ya sa ana tatse ruwan gawa a mayar wa jama'a, ya sa zoben da ke wakiltar ruwa ya zama dukiya. Daga matsala biyu kacal aka samu tufafi da jana'iza da kuɗi da salon tafiya. Herbert bai zauna a ɗaki ya ƙago wannan ba, ya fara ne da binciken tudun rairayin gaɓar Oregon a 1957.

Sihiri ma haka. A duniyar Dark Sun, wadda kamfanin TSR ya fitar a 1991 don wasan Dungeons & Dragons, matsafi yana zuƙo ƙarfinsa daga tsirrai, ciyawar da ke kewaye da shi ta zama toka. Wannan doka ɗaya ta bayyana dalilin da duniyar ta zama hamada, da dalilin da talaka yake ƙin matsafi. Ka sa irin wannan mutum a cikin rugar da rayuwarta ciyawa ce, ba sai ka ƙirƙiro masa abokin gaba ba. Duk lokacin da ya ceci jama'a daga hari, ya ƙone musu makiyayar gobe.

Sai maganar hatsi, wadda masu irin wannan rubutu suka fi mantawa. Anatoly Khazanov, a littafinsa Nomads and the Outside World da ya fito da Ingilishi a 1984, ya kafa hujja cewa makiyaya ba su taɓa wadatar da kansu su kaɗai ba, kullum suna da alaƙa da mazauna, ta ciniki ko ta haraji ko ta hari. Mu ba sai an karanta mana Khazanov ba. Mun ga mai tallan nono tana komawa ruga da gero, mun ga manomi yana roƙon a kwantar masa da shanu a gona saboda taki, mun san kantun gishirin Bilma a ƙasar Hausa yake komawa hatsi. To idan marubuci ya rushe dukkan garuruwa, wa ke noma? Wa ke ƙera wuƙa da allura? N. K. Jemisin ta amsa wannan a jerin littattafanta uku da suka fara da The Fifth Season a 2015, waɗanda suka ci kyautar Hugo shekara uku a jere, 2016 zuwa 2018. A duniyarta, girgizar ƙasa da toka suna kawo bala'i lokaci bayan lokaci, don haka kowane gari yana da ganuwa da rumbunan ajiya da dokokin gado da aka haddace, masu yawo kuwa su ne waɗanda aka kora ko aka hana shiga. Yawon nasu hukunci ne, kuma ƙofar garin ce ke ba shi ma'ana.

Akwai kuma ɗabi'ar mayar da duk wanda ya tsira ya zama kura, kowa na cin kowa. Yana da daɗin rubutawa, amma tarihi bai goyi bayansa sosai ba. Cutar bushiya da ta shigo Afirka ta Eritiriya a 1887 ta iso yankinmu cikin 'yan shekaru, a wurare da dama ta kashe kusan shanu tara cikin goma. An yi yunwa, an yi hauka, wasu sun zauna sun kama fartanya. Amma garke ya sake tashi, kuma irin al'adar da ke tayar da shi tana nan har yau: habbanaye, inda mai shanu ke ba wanda ya rasa aron karsana, ya riƙe 'ya'yan da ta haifa, ya mayar da uwar. Masanin tarihi Ibn Khaldun tun 1377 ya lura cewa ƙarfin mutanen daji yana cikin riƙon junansu. Muguntar da ta dace da irin wannan duniya ba ta kashe baƙo ba ce kawai, ta wanda ya ci amanar aro ce, ko ya ɓoye labarin rijiya.

Wannan ya kai mu ga wanda ke da iko. Littattafan yaƙi sukan ba mai takobi shugabanci. A ayarin fatake kuwa akwai madugu, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai malamin da ke riƙe lissafi da duba ranar tashi, kuma maganar wanda ya san inda ruwa yake ta fi ta kowa nauyi. Mutanen da ba sa ɗaukar littattafai a ka suke ajiye taswira, cikin sunayen wurare da waƙoƙi da jerin kakanni. Saboda haka mutuwar tsohuwa ɗaya tana iya shafe hanya sukutum. A littafi na uku na Jemisin, The Stone Sky, mutanen garin Castrima sun rasa matsuguninsu, suka ƙetare hamada zuwa birnin Rennanis, kuma abin da ya rage yawansu a hanya yunwa ce da gajiya da ƙarewar guzuri. Shugabarsu Ykka tana yanke hukunci kan rabon abinci da wanda za a iya ɗauka, kuma waɗannan shafuka sun fi duk wani faɗa da ke cikin littafin tayar da hankali.