Mata-maza da maganin da ba a ajiyewa: abin da ke faruwa bayan shekara biyar

Tun shekarar 2006 dokar Nijar ta ce yaron da bai cika shekara biyar ba, za a duba shi, a ba shi magani kyauta a likitocin gwamnati, bayan da aka yi wa tiyatar haihuwa irin wannan rangwame a 2005. Duk wanda ya san layin da mata ke yi da goyo a asibitin Matameye a watannin Agusta da Satumba ya san rayukan da wannan doka ta tsamo. Sai dai an auna ta ne da cututtukan da ke zuwa su wuce, kamar zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa, waɗanda haɗarinsu ke raguwa idan yaro ya yi ƙwari. Akwai yaran da larurarsu ba ta raguwa da shekaru. Daga cikinsu akwai waɗanda ake kira mata-maza, da wasu da ba a taɓa kiran su da wannan suna ba alhali cutar ɗaya ce, kuma dukkansu sun dogara ga ƙwayar homon da za su sha har ƙarshen rayuwa. Ranar da irin wannan yaro ya cika shekara biyar, jikinsa yana nan yadda yake, amma takardar da ke biya masa magani ta ƙare. Ra'ayina shi ne rangwamen irin wannan magani ya kamata ya bi cutar, kada ya bi shekarun mai ita.

Da yawa daga cikin jariran da ungozoma ke rasa gane jinsinsu suna fama ne da wata matsala ta ƙululun nan biyu da ke saman ƙoda. Aikinsu shi ne samar da kortizol, sinadarin da ke riƙe jini da sukari lokacin da jiki ya shiga wahala, da wani sinadarin da ke tsare gishiri. Idan an haifi yaro da naƙasar wannan aiki, ƙululun sai su karkata ga samar da sinadarin maza fiye da kima, shi ya sa jaririya mace kan zo da gaban da ya yi kama da na namiji. A duniya ana samun kusan haihuwa ɗaya cikin 15,000 da wannan larura, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na masu ita jikinsu yana zubar da gishiri. Gadonta ake yi daga uwa da uba tare, don haka takan fi bayyana inda auren zumunta ya yawaita, kamar ƙasar Kance, inda Matameye take, da kewayenta. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne halin ƴaƴa maza: ba a ganin komai a jikinsu, sai a mako na biyu ko na uku amai ya kama su, su ƙi nono, su bushe, a binne su da sunan gudawa.

Maganin kuwa tsoho ne. Tun 1950 Lawson Wilkins ya nuna a asibitin Johns Hopkins na Amurka cewa kortizon yana daidaita cutar, kuma hidrokortizon da fuludrokortizon duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wahalar tana ga yadda ake shan sa. Uwa za ta raba ƙwaya mai miligiram 10 gida huɗu da reza, ta murƙushe a cokali, ta ba yaro sau uku a yini, kullum, ranar biki da ranar makoki. In zazzaɓi ya kama shi sai an ninka adadin sau biyu ko uku, in kuma yana amai sai allura cikin gaggawa, domin jikinsa ba zai iya ƙara kortizol da kansa ba. A ƙasar da damina ke zuwa da sauro, wannan na nufin lokacin da rumbu ya yi ƙasa shi ne lokacin da kuɗin magani ke ninkuwa. Akwai kuma rukuni na biyu, matasan da aka cire musu ƴaƴan maraina ko ƙwan haihuwa a tiyata, ko waɗanda nasu ba sa aiki. Su homon balaga suke buƙata, na mata ko na maza, kuma buƙatarsu tana farawa ne shekaru da dama bayan rangwamen ya ƙare. In sun daina sha, ƙashi yakan lalace a hankali, ga kasala da damuwa.

Ana iya cewa gwamnati ta riga ta sauƙaƙa, tunda daga 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya da rabi a asibitocin gwamnati, an mayar da haihuwa kyauta, an kuma soke jaka 150 na kuɗin sefa da masu wankin ƙoda ke ajiyewa. Mataki ne babba. Amma mai wannan larura ba a teburin likita kuɗinsa ke ƙarewa ba, a farmasi ne da kuma tasha. Mafi ƙarancin albashi jaka 42 ne tun farkon 2024, kuma yawancin magidantan Matameye manoma ne da ƴan kasuwa da ba su da albashin ma, balle inshora. In babu ƙwayar a cikin gari, sai an hau mota zuwa Damagaram, ko a yi sautu daga Kano ta Daura. Rufe iyakar Nijar da Najeriya da aka yi bayan juyin mulkin Yuli 2023, wanda ya kai har farkon 2024, ya nuna raunin wannan hanya. Abin da iyali ke yi idan kuɗi ya yanke sananne ne: a rage shan zuwa sau ɗaya, ko a koma ga mai tebur a sayi deksametazon, wanda mata ke sha don ƙiba. Ƙarfinsa ya ninka na hidrokortizon sau ashirin da wani abu, yana tsayar da girman yaro, kuma daina shi kwatsam yana iya kisa.

Ba talaucin Sahel kaɗai ke haifar da wannan ba. A Amurka, inda inshorar yawancin mutane ke ɗaure da wurin aikinsu, masu sauya jinsi da ke shan estiradiyol ko testosteron kan rasa maganin ranar da aka sallame su daga aiki, kuma jihar Florida ta cire shi daga tsarin Medicaid na marasa ƙarfi a 2022. Muhawarar da ake yi a can daban take da tamu. Amma jikin da ya dogara ga homon daga waje iri ɗaya yake amsawa idan aka yanke masa, kuma mutanen can ma rage adadin suke yi ko su saya a intanet ba tare da likita ba. Duk tsarin da ya ɗaure maganin dindindin ga abin da ke ƙarewa, aiki ne ko shekaru, yana tura mutane kasuwar bayan fage.

Wasu za su kawo batun addini, su ce wannan taɓa halittar Allah ne. Malamanmu sun riga su sanin mas'alar. Littafin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan Damagaram da Kano, ya rufe ne da hukuncin khunsa, wato mata-maza, da rabon gadonsa, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 1989 ta halatta yi wa mai alamun jinsi biyu magani da homon ko tiyata. Fiƙihu ya ba shi matsayi da haƙƙi, kunya ce ta sa ake ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Kunyar nan kuwa tana da tsada, domin mai ciwon ƙoda yana iya neman taimako a masallaci ko a rediyo, uban yarinyar da ke da wannan larura kuwa ba zai iya buɗe baki ba don tsoron abin da za a faɗa ranar da aka zo neman aurenta. Zumuncin da ake cewa zai rufe giɓin ba ya aiki a kan abin da aka ɓoye masa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta lissafi: likitoci sun daɗe suna kukan jinkirin biyan kuɗin rangwamen yara, to yaya za a ƙara wani kaya saboda ƴan tsiraru? Ƙarancinsu ne ma ya sa abin zai yiwu. Ƙwayoyin ba su da haƙƙin mallakar wani kamfani, kuma idan hukumar magunguna ta gwamnati, ONPPC, ta saye su da yawa lokaci guda farashin zai faɗi ƙasa da abin da iyali ke biya kwali-kwali. Kwanciya ɗaya ta gaggawa a babban asibitin Damagaram, da ƙarin ruwa da gwaje-gwaje da mota, takan lashe kuɗin maganin watanni. Tsarin ma akwai shi, tunda masu tarin fuka da masu cutar sida suna karɓar maganinsu kyauta da kati da rajista, ba a tambayar shekarunsu. Abin da ake buƙata a Matameye bai wuce haka ba: rajista ta sirri a asibitin gari, kati mai sunan maganin da adadinsa wanda kowane ma'aikacin likitar ƙauye zai gane, ƙwayar wata uku a hannun uwa kafin damina, da allurar hidrokortizon a ɗakin gaggawa. Ungozomomi kuma a koya musu cewa jaririn da ba a gane jinsinsa ba a tura shi asibiti a makon farko, kafin a yi maganar suna ko tiyata, domin tiyata tana iya jira, gishirin da ke zuba daga jikinsa ba ya jira.