Mai Ciwon Daji a Kwanakinsa na Ƙarshe: Gida Ko Asibiti?

An tambaye mu game da mai ciwon daji, wato sankara, wanda likitoci suka ce warkewarsa ta gagare su: me ke sa wani ya cika a ɗakinsa, wani a gadon asibiti?

Allah kaɗai ya san inda kowane rai zai fita, amma akwai sabubban da muke gani a nan Arewa. Cibiyar ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, kuma sai a 2021 aka fara gasa ciwon da na'ura a can. Daga Dogon Dutsi kusan kilomita 280 ne ta Doso. Mutumin Tibiri ko Matankari ya sayar da gero da bisashe ya tafi, idan guzuri ya ƙare dole ya komo. Wasu ma suna gaggauta komowa ne domin ɗauko gawa ya fi ɗauko mai rai tsada.

Komowa gida kuwa ba ita ce zama gida ba. Wanda aka kawo ba tare da maganin raɗaɗi mai ƙarfi ba, irin morfin da ba a bayarwa sai da takardar likita, da tsakar dare za a sake neman mota, sau da yawa ya cika a hanya. Haka gidan da babu mai jinya, samari sun tafi ci-rani, mata suna gona da damina.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɓoye wa majinyaci halin da yake ciki. Dangi na shawara a zaure, mai ciwon bai sani ba. Yaya zai yi wasiyya, ya faɗi bashin da ake binsa, ya nemi gafarar maƙwabta? Risalar Ibn Abi Zaid ta karantar da mu fuskantar da mai gargara alƙibla da laƙƙana masa kalmar shahada, kuma ana yin wannan a gida ko a asibiti. Saboda haka ba mu zargin kowane ɓangare. A tambaye shi kawai, cikin lallashi, inda ya fi so.

Idan ya zaɓi gida, kada a baro Yamai sai da takardar magani, a kuma sanar da majon asibitin da ke kusa. Azumi bai wajaba a kansa ba, kada a jinkirta masa magani sai an sha ruwa.