Mata Masu Dubara: Jarin da Ya Fito Daga Akwati

 In an ce zuba jari, sai hankalinmu ya tafi kan bankuna da manyan kamfanoni. To yau ga wani jari da matan karkara suka tara da kansu.

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Mata 15 zuwa 30 ke haɗuwa duk mako, kowacce ta yi zubi. Ana ajiye kuɗin a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan kuma suna hannun mata uku, don kada wata ta buɗe a ɓoye.

Ya bambanta da adashin da muka sani. A adashi mai ɗauka ta kwashe duka, saura su jira. Nan kuwa wadda ke son sarin gyaɗa ko sayen akuya sai ta ranta, ta biya cikin 'yan watanni. Shekara na zagayowa a raba, kowacce gwargwadon zubinta.

Akwai kuma asusun ko-ta-kwana. Kun san sau da yawa ciwon yaro ne ke cinye jarin mai ƙuli-ƙuli. Wannan asusu shi ke tare mata wannan asara.

Tsarin ya bazu har Tanzaniya, Yuganda da Najeriya. Masu shirin kafawa, ku fara da zaɓen masu amana su riƙe makullai. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.