Ɗari, Shirin Salla da Sabuwar Waya a Araba ta Ƙasar Illela

 Duk wanda ya fita Birnin Sakkwato ya miƙi hanyar arewa, ya wuce Kware, ya wuce Gwadabawa, to, ƙarshen tafiyarsa Illela, inda ƙasar Nijeriya ta tuƙe. Araba tana nan cikin ƙasar Illela, gab da iyaka, Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar kuwa ga ta a tsallake, tafiyar da mai babur ke yi kafin shayi ya huce. Mutanen wuraren nan harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, cinikinsu ɗaya. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata layi tsakaninsu. A 1898 suka auna mil 100 daga Sakkwato suka zana da'ira, sa'an nan suka sake shawara a 1904 da 1906, Ƙonni ta faɗa rabon Faransa. Iskar hunturu dai ba ta taɓa tsayawa a shingen kwastan ba, yadda ta daki Ƙonni da asuba haka take dukan Araba.

Ita wannan iska daga arewa maso gabas take tasowa, tana ɗauke da ƙurar Hamada, mafi yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi. Takan fara motsi cikin Nuwamba bayan an gama kai amfanin gona gida, ta yi ƙarfi cikin Disamba da Janairu, ta yi sanyin gwiwa a ƙarshen Fabrairu. In ta kankama sai hazo ya rufe gari, rana ta fito fara fat kamar faifai, mutum ya dube ta ido da ido ba ta kashe masa gani ba. Leɓe ya tsage, diddige ta yi faso, yara su yi furu-furu sai ka ce an turbuɗe su cikin toka, man kaɗanya da man shanu su yi daraja.

Duk da haka ɗari yana da daɗinsa, wanda bai zauna ƙasar rani ba kuwa ba zai san shi sosai ba. Na farkonsa shan hantsi. Da rana ta ɗaga sai dattawa su jawo tabarma zuwa gindin katangar da ke duban gabas, kowa ya ƙudundune cikin gwado ko bargo, a jera kamar ana jiran rabon gado, alhali ba abin da ake jira sai ɗumin rana. Mai koko da ƙosai ta riga ta sauke tukunya, mai shayi ya hura gawayi tun kiran assalatu. Rumbu cike yake da gero da dawa da wake, saboda haka maigida yana da sukunin hira. Daga fadama ana shigo da albasa da tumatir da tattasai, rake ya yi zaƙi, dankali ya shiga toka ana gasa shi, yara suna dawowa daga daji aljihunsu cike da magarya. Sauro ya ja da baya, barci ya yi nauyi. Tuwo da zafinsa da miyar kuka da ɗan yaji a daren sanyi, ai ko attajirin Ikko bai fi talakan Araba morewa ba a wannan sa'a. Lokacin ne kuma na ɗaurin aure da kokawa, domin hannu da ɗan abin taɓawa, gona kuwa ba ta kiran kowa.

Makarantar allo ita ma da nata rabon. Da la'asar almajirai sukan fita su ɗebo kara da kirare, bayan magariba a hura wuta a tsakar fili, su kewaye ta da allunansu. Wutar nan aiki biyu take yi, haske ga ido da ɗumi ga jiki. Malamai sun daɗe da lura da cewa tilawar ɗari ta fi zama a ka, domin dare ya yi tsawo, zafi kuma ba ya narkar da yaro. Sai dai akwai yaron da ba shi da abin rufa sai 'yar rigarsa, in wuta ta mutu shi ya san yadda yake kai asuba.

To, abin da ya sa zancen ɗari ya haɗu da na Salla shi ne lissafi. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta rana kuwa 365, watau kowace shekara watan azumi yana matsowa gaba da kwana 10 ko 11, sai ya zagaye damina da kaka da ɗari da bazara cikin shekara 33 ko kusa da haka. A 2025 an ɗauki azumi a Nijeriya ran 1 ga Maris. Bisa lissafi na 2026 tsakiyar Fabrairu ne, na 2028 ƙarshen Janairu, a 2030 kuwa sau biyu zai kama, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Rabon da a yi azumi cikin tsakiyar sanyi tun tsakanin 1996 da 2000. Mai karatu ya lura da wannan: wayar GSM ba ta fara aiki a Nijeriya ba sai Agustan 2001. Ashe ke nan wancan zagaye an yi azumin ɗari ba mai waya a aljihu, sai rediyo da ɗan aike. Samarin da ke riƙe da kasuwar Illela yanzu, da yawansu ba su yi wayo da shi ba.

Azumin sanyi sauƙi ne ga maƙogwaro. Wunin Disamba a wannan yanki ya gaza na Yuni da wajen awa ɗaya da rabi, kuma ba a haɗa shi da azumin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura awo 40, mutum ya jiƙa zane ya lulluɓa. Wahalarsa tana ga ruwan alwala da tashin sahur da tsayuwar asham cikin iska, da kuma yunwa, domin sanyi ya fi zafi cin tuwo.

Shirin Salla a Araba ba ya rabuwa da kasuwa biyu, ta Illela ran Lahadi da ta Ƙonni ran Laraba. Tun kafin azumi ya raba tsakiya maigida yakan sayar da buhun wake ko tunkiya ya yanko yadi da atamfa, domin tela ba ya karɓar ɗinki in an shiga goman ƙarshe, in ya karɓa kuwa sai a yi ta sintiri ƙofarsa har daren Salla. Ga takalman yara da hula, ga lalle, ga shinkafa da mai da kaji, ga hatsin zakkar fid da kai da za a ware, mudun Annabi huɗu kan kowane rai. Ciniki kuma da kuɗi iri biyu ake yinsa, naira da sefa, har yaro ƙarami ya san dala sefa 5 ce, jikka kuwa sefa 1,000.

Wannan ciniki ya sha duka a 'yan shekarun nan. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, cikin Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disamban 2020. Ran 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa, manyan motoci suka yi jerin gwano kaya na ruɓewa a ciki. Ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, ana cikin azumi. A watannin nan wanda ke da 'ya tana aure a Ƙonni, ko mahaifiya a Galmi, ya san amfanin waya fiye da yadda mai talla zai gaya masa.

Ita sabuwar waya mai shafe-shafe galibi da ɗari take shigowa gida, ko dai kuɗin albasa, ko tsarabar ɗa da ya tafi cin rani Ikko ko Fatakwal. Mafi yawansu Tecno ne da Itel da Infinix, dukkansu kuwa na kamfani ɗaya ne mai suna Transsion a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda ya gane tun da wuri cewa mutumin Afirka yana son waya mai layi biyu da batir mai jimiri. Ga mutumin Araba layi biyu ba ado ba ne. Ɗaya na Nijeriya ne mai farawa da 234, ɗaya na Nijar mai farawa da 227, in wannan ya ɗauke sai wancan ya kama.

Ranar da aka ɓare ta daga kwali majalisar hantsi takan canza. Wayar ta bi hannu hannu, kowa ya jinjina nauyinta, ya tambayi kuɗinta, ya girgiza kai. Jika ɗan shekara 10 ya zama malamin kakansa, shi ne mai nuna inda ake dannawa. Dattijo ya shafa gilashi ya ƙi motsi saboda kaushin yatsa, sai an kawo man kaɗanya, a yi ta dariya. Sa'an nan a kira ɗan da ke Ikko, fuskarsa ta bayyana yana gumi, su kuwa nan suna cikin bargo, uwarsa ta leƙo daga bayan zana tana tambayar ko ya ci abinci. A ɗauki hoton yadi a aika wa amarya ta zaɓa. A tambayi farashin albasa a kudu kafin a ɗora buhu a mota, dillali ya rasa ta cewa. Da dare kuma tafsiri ko karatun wani gwani, an jingina wayar jikin buta. Abokin gabarta ɗaya ƙura, wadda ke toshe ramin caji, shi ya sa ake sa ta cikin leda kamar goro, ake kuma kai ta shagon mai caji da hasken rana a karɓo da yamma.

Akwai wani abu da ya shafi masu karanta wannan fili musamman. Mutum ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami tsaf, amma waya ta ɗauke shi jahili, domin da boko da Turanci take magana. Ko an juya ta zuwa haruffan Larabci, na gabas ne. Fa'un da aka saba yi wa ɗigo a ƙasa ga shi da ɗigo a sama, har ya yi kama da ƙafinmu, ɗigon imala kuma da ake rubuta wasalin "e" da shi ba a samunsa cikin sauƙi. Mus'hafin da ke cikin yawancin wayoyi ruwayar Hafsu ne, allon yaro kuwa Warshu, in ba a faɗakar da shi ba sai ya zaci ɗaya kuskure ne. Mutane dai sun samo dabara biyu. Ko su yi magana da baki a WhatsApp su aika da murya, ko su rubuta ajaminsu da tawada a takarda su ɗauki hotonsa. Ta biyun ta fi kyau, domin tana raya hannu.

Ɗarin 2023 ne ya tilasta wa mutane da yawa wannan karatu. Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, waɗanda su ne ke ɗauke da rubutun ajami, domin tun 2007 aka cire shi daga naira 5 zuwa 50. Cikin Janairu da Fabrairu tsofaffi suka ƙi karɓuwa, sababbi suka yi wuyar gani, mai raguna a kasuwa ya wayi gari ana ce masa an turo kuɗinsa cikin waya. Wanda bai iya karanta saƙon ba dole ya miƙa wa wani ya duba masa, nan kuwa macuta suka sami ƙofa, da saƙon ƙarya da kiran da ake cewa daga banki ne a faɗi lambar sirri. Banki ba ya tambayar wannan lamba, duk wanda ya tambaye ta ɓarawo ne ko da ya yi sallama da Larabci. Haka kuma maigidan da ya sayar da hatsin rumbu ya sayi waya alhali yara ba su da rigar Salla, ya sani bazara tana tafe, ita kuwa waya kullum sai an ciyar da ita kati.

Sai daren duban wata. A Nijeriya sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar take fitowa, Nijar kuwa da tata hukuma, kuma ba kullum suke dacewa ba. A 2024 Nijar ta yi Ƙaramar Salla ran Talata 9 ga Afrilu, Nijeriya ta yi ran Laraba 10 ga wata. Dā sai wanda ya tsallako ya kawo labari. Yanzu kafin a idar da magariba saƙo ya cika wayoyi, wani na gaskiya, wani hoton jinjirin bara ne aka sake turowa, wani murya ce da ba a san mai ita ba. Dattawan da suka san abin da suke yi sukan kife wayar a tabarma su jira ta bakin fada, su bar samari da gardama.

Cikin gida kuwa ba a jira kowa ba. An ɗaure lalle an naɗe ƙafa da tsumma, an matso kusa da murhu saboda sanyi, an aiki yaro na uku gidan tela, kaji suna ɗaure a gindin turmi. Can a zaure wayar maigida ta yi ƙara, lambar 227 ce, 'yarsa ce daga Ƙonni tana cewa su can gobe ne, tana tambaya ko a ajiye masa nasa tuwon.