Ƙarfen Narka Dalma

Masu gyaran rediyo a Tudun Wadan Zariya suna haɗa wayoyi da dalma mai gauraye da kuza. Da wani ƙarfe na lantarki suke narka ta.

Idan yaron Dutsen Abba zai fara koyon wannan sana'a, kada a saya masa babban ƙarfe, gama zafinsa yakan ƙone kayan cikin rediyo. A nemo masa ƙarami, mai wat 25 ko 30, mai tsinin baki, wanda mariƙinsa ba ya ɗaukar zafi. A haɗa masa da mazauni, don in ya ajiye shi bisa tabarma sai gobara. In ya gama aiki ya wanke hannu, domin dalma guba ce.