Barbara Smucker, Marubuciyar Masu Gudun Hijira

Daga cikin ɗariƙun Kirista akwai wata jama'a da ake kira Menonawa, waɗanda suka samo sunansu daga Menno Simons, limamin coci ɗan ƙasar Holan da ya rabu da Katolika a 1536. Aƙidarsu kuwa ita ce ba a yi wa mutum baftisma sai ya mallaki hankalinsa, kuma sun haramta wa kansu ɗaukar makami ko da sarki ne ya yi umarni. Wannan aƙida ta ja musu kora daga ƙasa zuwa ƙasa tsawon ƙarnoni, har hijira ta zama gadon gidansu.

A cikin wannan zuriya aka haifi Barbara Claassen a garin Newton na jihar Kansas a Amurka a 1915. Ta karanci aikin jarida, ta auri Donovan Smucker, malamin addini, sannan a 1969 suka ƙaura zuwa Kanada, inda ta riƙe sashen yara na laburaren garin Kitchener.

Abin da ya ɗaukaka ta a wurina shi ne, a zamanin da mawallafa da dama ke ganin yaro bai dace ya ji labarin zalunci ba, ita ta yi imani cewa yana da haƙƙin sanin tarihi da ɗacinsa, muddin aka ba shi da hikima. Littafinta Underground to Canada, na 1977, labarin kuyangi biyu ne, Julilly da Liza, waɗanda suka tsere daga gonar auduga a Mississippi, suna tafiyar dare suna ɓuya da rana, masu tausayi suna miƙa su daga gida zuwa gida har suka isa Kanada. Kuma ta saka mutanen da suka rayu da gaske a ciki, kamar Levi Coffin da Alexander Ross, wanda ya yi shigar mai nazarin tsuntsaye don ya sami damar ganawa da bayi. Ba ta ɓoye bulala ba, ba ta kuma sa jarumanta sun kuɓuta da takobi ba, sai da haƙuri da amanar mutanen da ba su taɓa gani ba.

A 1979 ta waiwayi danginta na aƙida cikin Days of Terror, inda yaro Peter Neufeld yake ganin yadda juyin juya halin Rasha na 1917 ya sauko wa ƙauyukan Menonawa na Yukiren da fashi da annoba da yunwa, mutanen da addininsu ya hana su ramuwa, har ala tilas suka bar gonakin kakanninsu zuwa Kanada. Littafin ya sami lambar yabo ta Majalisar Fasaha ta Kanada. Ta rasu a Bluffton, jihar Ohio, a 2003.