Dutsen Kamaru Da Sunan Da Ya Samo Daga Bakin Kogi

Wanda ya tsaya a bakin teku a garin Limbe, ƙafarsa cikin baƙin yashi, idan ya juya baya zai ga dutse ya tashi tun daga gaɓar ruwa har sama da mita 4,000. Duk gaɓar yammacin Afirka babu mai tsayinsa. Amma sunan da duniya ta san shi da shi, daga wata ƙaramar halittar ruwa aka samo shi.

Wajen 1472 jiragen ruwan Turawan Fotugal suka shigo bakin Kogin Wouri, inda birnin Duwala yake a yau. Suka tarar da jatan lande birjik, sai suka ce masa Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande. Sunan ya bi bakin 'yan kasuwa, Jamusawa suka mai da shi Kamerun da suka kama ƙasar a 1884, mu kuma muka ce Kamaru. Daga kogi sunan ya hau kan dutse, daga baya ya hau kan ƙasa baki ɗaya.

Su kuwa Bakweri, masu noma a gindinsa tun kaka da kakanni, Mongo ma Ndemi suke kiransa, ƙololuwarsa kuma Fako. A ganina wannan ne ya kamata yaranmu su fara ji a aji, domin masu shi ne suka san halinsa.

Halin nasa kuwa wuta ne da ruwa. Ya yi aman wuta a 1909, har Jamusawa suka kwashe ofisoshinsu daga garin Buea da ke jikin dutsen na ɗan lokaci. A 1999 narkakken dutse ya gangaro ya datse titin da ke bin gaɓa kusa da ƙauyen Bakingili. Ta fuskar teku, iska mai ɗauke da danshi tana karo da jikinsa ta zube, shi ya sa ƙauyen Debundscha ke samun ruwan sama wajen milimita 10,000 a shekara, fiye da ninki goma na abin da Kano ke samu. Tokar aman nan ita ta mai da ƙasar taki, gonakin ayaba da kwakwar manja da shayi suka kewaye gindin.

Ba shi kaɗai ba ne. Jerin duwatsu masu aman wuta da yake ciki ya taso daga cikin teku, ya bi ta tsibirin Bioko, ya ratsa tafkin Nyos da tsaunukan Adamawa, wani reshensa ya kai har tudun Biu a Jihar Borno.